Likita Ya Riga Ya Faɗa

Da hantsin ranar Lahadi 21 ga Satumba, 2008, wata mata a garin Troy na jihar New York ta farka ta tarar da jaririnta Matthew ya saki jiki, ba ya motsi. Watansa huɗu a duniya, ɗan tagwaye ne, kuma bakwaini aka haife su. Aka ruga da shi asibitin Samaritan da ke cikin garin. A can aka tarar jininsa ya sauka ƙwarai, zuciya na bugawa ba bisa ƙa'ida ba, ruwan jiki ya ƙafe, numfashi na neman ɗaukewa. Abin da aka fi zarga shi ne ƙwayoyin cuta sun mamaye jinin yaron. Aka ɗebi jini don gwaji, aka shiga ɗura masa magunguna.

Sakamakon bai fito ba aka mayar da yaron babban asibitin Albany, kuma a nan ne zance ya sauya. Likitan da ke duba shi ya ga ruwa ya taru a kan ƙwaƙwalwa, ya yanke cewa buga kan yaron aka yi. Ya shaida wa 'yan sanda cewa ƙoƙon kan ya fashe, wannan kuma kisa ne. Da daddare ma'aikatan kula da yara suka zo gidan tare da 'yan sanda, suka kwashe sauran 'ya'ya shida. Daga baya aka tafi da uban, Adrian Thomas, mai shekara 26, ofishin 'yan sanda.

An yi masa tambayoyi na awa tara da rabi a zama biyu, kyamara na ɗauka tun daga farko har ƙarshe. Bayan zaman farko na kimanin awa biyu ya ce yana tunanin kashe kansa, sai aka kai shi sashen masu taɓin hankali aka tsare shi awa 15. Yana fitowa aka miƙa shi ga waɗanda suka kawo shi, suka koma da shi ɗakin nan.

Masu binciken ba su tambaye shi ko wani ya ji wa yaron ciwo ba. A wurinsu likita ya riga ya gama wannan maganar. Abin da ya rage shi ne a san wane ne, kuma manya biyu ne a gidan. Suka ce masa in ba shi ba ne, to matarsa ce, yanzun nan za su je su ɗauko ta daga gefen gadon ɗanta. Thomas ya ce bai taɓa yaron ba, amma in don a bar masa matarsa ne, ya yarda ya ɗauki laifin. Kotu ta zauna daga baya ta ƙirga abin da ke cikin bidiyon: sau 67 aka ce masa ai tsautsayi ne, sau 14 aka ce ba za a kama shi ba, sau 8 aka ce gida zai koma. Sau 21 aka gaya masa cewa likitoci na jiran su ji yadda abin ya faru don su san yadda za su ceci ran ɗansa. Alhali tun kafin a fara zama na biyu likitocin sun tabbatar da cewa ƙwaƙwalwar Matthew ta mutu.

Bayan awa huɗu a zama na biyu, ya tuna cewa kwana goma ko sha biyar da suka wuce yaron ya suɓuce masa ya faɗa gadonsa daga tsayin da bai kai kamu ɗaya ba. Sai wani sajan ya faɗo ɗakin, ya ce shi ya ga raunin kai iri-iri lokacin da yake soja a yaƙin Tekun Fasha, kuma wannan labarin ƙarya ne, irin wannan rauni sai a haɗarin mota mai gudu. Da ya fita, sai Sajan Adam Mason, wanda ke taka rawar mai tausayi, ya kawo nasa labarin: wataƙila Thomas sun yi faɗa da matarsa, ransa ya ɓaci, ya ɗaga yaron ya maka shi kan katifa. Ya miƙa masa wani babban fayil ya ce ya nuna. Thomas ya jefar da fayil ɗin. Mason ya ce ya ƙara ƙarfi. Ya ƙara. Kafin gari ya waye ya sa hannu a takardar da ke cewa sau uku ya yi haka cikin makon.

Binciken gawa bai samu fashewar ƙoƙon kai ba. Gwajin jinin kuwa ya fito da ƙwayar cutar da ke haddasa namoniya da sanƙarau. A shari'ar 2009, Dokta Jerome Klein, masanin cututtukan yara masu yaɗuwa, da Dokta Jan Leestma, masanin cututtukan ƙwaƙwalwa, suka ce wannan cutar ce ta kashe yaron. Likitocin ɓangaren gwamnati suka tsaya a kan cewa rauni ne. Lauyoyin Thomas suka nemi kawo Farfesa Richard Ofshe ya yi bayanin yadda ake sa mutum amsa laifin da bai yi ba, alƙali ya hana. Mutane goma sha biyun nan da ake zaɓowa daga cikin jama'a su taya alƙali yanke hukunci suka kalli ƙaton mutum yana maka fayil da ƙasa, suka ce ya aikata. Aka ɗaure shi daga shekara 25 zuwa rai da rai.

Mai karatu a Najeriya in ya ji an ce ana jayayya kan ikirari, duka ne zai faɗo masa a rai. Wanda ake tuhuma ya ce rataye shi aka yi ya sa hannu, ɗan sanda ya ce da kansa ya faɗa, alƙali ya dakatar da komai ya yi abin da lauyoyi ke kira shari'a cikin shari'a, bisa sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011. A Troy ko yatsa ba a ɗora wa Thomas ba. Babu tabon da zai nuna wa alƙali. Da baki aka yi aikin gaba ɗaya, kuma yawancin abin da aka yi masa doka ba ta hana ba.

Tun 1969 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Frazier da Cupp, ta ƙyale wani ikirari ya tsaya duk da cewa 'yan sanda sun yi wa mutumin ƙaryar cewa ɗan'uwansa ya riga ya amsa. Daga nan ƙarya kan shaida ta zama kayan aiki. Salon tambayar da ya fi yaɗuwa a ƙasar shi ne na John Reid, wanda ya rubuta littafinsa tare da Fred Inbau a 1962. Mai tambaya yakan shigo da tabbacin cewa laifi ya tabbata, ya katse duk wani musu, sannan ya shimfiɗa wa wanda ake zargi uzuri mai taushi da zai sa amsawa ta zo da sauƙi: ka gaji ne, kuka ya ishe ka, kowane uba na iya yin haka. Kamfanin Reid na cewa in an bi ƙa'idojinsa ba a samun ikirarin ƙarya, kuma bai yarda da barazana ko alƙawari ba. Ƙungiyar Innocence Project kuwa ta duba mutanen da gwajin DNA ya wanke bayan an ɗaure su, ta tarar fiye da ɗaya cikin huɗu sun taɓa amsa laifin da bakinsu.

A Fabrairun 2014 babbar kotun jihar New York ta rushe hukuncin Thomas ba tare da alƙali ko ɗaya ya saɓa ba. Babban Joji Jonathan Lippman bai ce duk ƙaryar ɗan sanda haramun ce ba. Ya ce barazanar kama matar, da ƙaryar ceton ran yaron, da alƙawuran komawa gida, in aka haɗa su, ba su bar wa mutumin zaɓi ba. Ya kuma lura da wani abu da ya fi wannan muhimmanci: duk wani labarin da zai iya bayyana irin raunin da ake zargi, daga bakin masu tambaya ya fara fitowa. Aka sake shari'a a watan Yuni ba tare da bidiyon ba, aka wanke shi, bayan kusan shekara shida a tsare.

Me ya sa shari'ar jarirai ta fi sauran faɗawa wannan rami? Wani ɓangare na amsar a fili yake. Wanda ake tambaya uba ne ko uwa ko mai raino, bai yi barci ba, yana cikin firgici, kuma tun kafin kowa ya zarge shi yana zargin kansa. Ba iyayen da ba su taɓa yin wani ɗan kuskure da jariri ba, ya suɓuce, ya gangaro daga kujera, kai ya gogi ƙofa. In aka ce musu ran ɗansu ya dogara da su tuna, za su tono duk waɗannan su zube. Ɗayan ɓangaren kuwa yana cikin tarihin likitanci.

A 1971 wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwar yara a Ingila, Norman Guthkelch, ya rubuta a mujallar likitocin Birtaniya cewa jijjiga jariri na iya sa jini ya zuba a ƙarƙashin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, ko da ba a ga rauni a waje ba. A 1972 da 1974 John Caffey, masanin hoton ƙashin yara a Amurka, ya faɗaɗa maganar. Kaso mai yawa na misalansa na farko daga wata mai raino ce a Connecticut, Virginia Jaspers, wadda a 1956 ta amsa cewa ta jijjiga jariran da aka ba ta amana, uku suka mutu. Wato tun daga tushe ilimin ya jingina da abin da masu laifi suka faɗa. Ba abin mamaki ba ne, tunda ba wanda zai jijjiga jariri a ɗakin gwaji don ya ga abin da zai faru, kuma da wuya a samu wanda ya gani da ido.

A hankali sai aka tsayar da alamomi uku: jini a ƙarƙashin tantanin ƙwaƙwalwa, jini a can cikin ido, da kumburin ƙwaƙwalwa. Likitoci da yawa suka riƙa shaida a kotu cewa in ukun nan suka haɗu, kuma ba haɗarin mota ko faɗowa daga bene, to jijjigawa aka yi da ƙarfi, kuma yaron zai suma nan take. A lura da abin da wannan ke nufi ga mai bincike. Hoton asibiti ya ba shi laifi, ya ba shi niyya saboda ƙarfin da aka ce an sa, ya kuma nuna masa mai laifi, wato babban da yake tare da yaron lokacin da ya faɗi. Sai dai a 1987 Ann-Christine Duhaime da abokan aikinta a Pennsylvania suka gwada da 'yar tsana mai na'urar awo, suka ga jijjigawa kaɗai ba ta kai ƙarfin da ake zato ba sai in an haɗa da bugu. A 2009 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a koma amfani da suna mai faɗi, raunin kai na cin zarafi, wanda bai taƙaita ga jijjigawa ba. Guthkelch kansa, a ƙarshen rayuwarsa, ya fito ya ce ana ɗaure mutane da hujjar da ta zarce abin da shi ya rubuta.

Wanda ya fi kowa kama bakin zaren shi ne Alƙali Richard Posner, lokacin yana kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Chicago. Ƙarar da ta zo gabansa ta wani Rick Aleman ce, wanda a lokacin yake rainon yara a gidansa a garin Hanover Park. A Satumban 2005 wani yaro ɗan wata 11, wanda ya yi kwanaki yana zazzaɓi da kasala, ya sanƙame a wurinsa. Aleman ya ɗauke shi ya ɗan girgiza shi ko zai farfaɗo, ya danna masa ƙirji ya hura masa iska, ya kira motar asibiti. A ofis wani ɗan sanda ya ce masa likitoci uku sun tabbatar cewa jijjigawa ce ta jawo raunin kuma a lokacin ta faru. Ƙarya ce. Aleman ya ce in haka ne, to shi ne sanadi. Da yaron ya rasu aka tuhume shi da kisa, bayan sama da shekara aka janye. A hukuncin 2011 Posner ya bayyana cewa mutumin ba likita ba ne, ba shi da bakin musa abin da aka ce masa likitoci sun gama yankewa. Ya san ya girgiza yaron a hankali, an ce masa girgiza ce kaɗai za ta iya jawo wannan, sai ya haɗa biyun ya fitar da sakamako. Ikirarin da aka samu ta wannan hanya, in ji alƙalin, ba shi da wata daraja a matsayin shaida.

Kada wannan ya rufe ɗaya gaskiyar. Ana cin zarafin jarirai, ana kashe su, kuma mafi yawan lokaci na gida ne ke yi. Akwai waɗanda ke amsawa don sun aikata. A 2010 Catherine Adamsbaum da abokan aikinta a Faransa suka wallafa nazarin shari'o'i 112, inda mutum 29 suka yi ikirari dalla-dalla. Sun bayyana jijjigawa mai tsanani, fiye da rabinsu kuma suka ce ba sau ɗaya suka yi ba, suna maimaitawa ne saboda tana sa yaron ya yi shiru. Wanda ya karanta bayanan nan ba zai ce duka ƙirƙira ce ba. Likitan yara da ya ga jariri da karayar haƙarƙari, sabuwa da tsohuwa, da shatin yatsu a ƙirji, ba ya buƙatar kowa ya amsa masa komai.

Rikicin yana kan yaran da ba su da komai sai alamomin nan uku. A 2016 hukumar tantance ingancin binciken lafiya ta gwamnatin Suwidin, SBU, ta tace rubuce-rubuce 3,773, ta karanta 1,065 daga farko har ƙarshe, 30 suka cika sharuɗɗanta, biyu kacal ta ce ingancinsu ya kai matsakaici. Biyun daga Faransa suke, na Adamsbaum da na Matthieu Vinchon, kuma dukansu a kan ikirari aka gina su. Sauran ta ajiye su galibi saboda zagaye suke yi: tawagar asibiti ta ga alamomin ta ce cin zarafi ne, sannan a ƙirga yaron cikin hujjar cewa alamomin na nuna cin zarafi. Hukumar ta ce akwai ƙaramar hujja cewa jijjigawa na iya jawo alamomin, amma babu isasshiyar hujjar da za a ce ganinsu ya tabbatar da jijjigawa. Manyan ƙungiyoyin likitocin yara da masana hoton asibiti suka yi mata ca, suka ce ta watsar da bincike mai yawa ba bisa ƙa'ida ba, kuma ba likitan kirki da ke yanke hukunci da alama uku kawai. A 2018 suka fitar da matsaya ta bai ɗaya cewa ganewar tana da tushe mai ƙarfi.

Ko wane ɓangare mutum ya bi, tambayar da Suwidawan suka ɗaga tana nan. In likita ne ya ba ɗan sanda tabbaci, ɗan sanda ya yi amfani da tabbacin ya samo ikirari, ikirarin kuma ya koma mujallar likitoci ya zama hujja, abin ya yi kama da mutum biyu a gaban alƙali kowanne na nuna ɗan'uwansa a matsayin shaidarsa. Da Thomas ya karɓi sassauci ya amsa laifi a kotu, kamar yadda mutane da yawa ke yi don gudun ɗaurin rai da rai, da yau yana cikin lissafin waɗanda suka amsa da bakinsu. Mai nazarin da ke ƙirga takardun kotu ba ya ganin abin da aka faɗa wa mutum kafin ya buɗe baki.

Ana yawan cewa maganin abin shi ne kyamara. Ingila ta fara naɗar tambayoyin 'yan sanda bayan dokar 1984, a farkon shekarun 1990 kuma ta koma salon da ya fi ba da ƙarfi ga tattara bayani, inda ba a yarda ɗan sanda ya ƙirƙiri shaida ba. Jihar New York ta wajabta ɗaukar bidiyo a manyan laifuka daga 2018. Amfaninsa a bayyane yake, don ba domin bidiyo ba da ba wanda zai iya ƙirga sau 67 ɗin nan. Amma bidiyon da ya kuɓutar da Thomas a 2014 shi ne dai ya ɗaure shi a 2009. Ya danganta da wanda ke kallo, da kuma ko awa tara ya kalla ko minti biyun ƙarshe ne ya zauna masa a rai.

Shari'ar Melissa Calusinski ta nuna iyakar kyamara. Ranar 14 ga Janairu, 2009, wani yaro ɗan wata 16, Benjamin Kingan, ya suma a gidan rainon yara da take aiki a Lincolnshire ta jihar Illinois, ya rasu a ranar. Likitan binciken gawa, Eupil Choi, ya ce ƙoƙon kai ya tsage kuma raunin sabo ne. Aka yi mata tambayoyi na awa tara, ta musa aƙalla sau 79. A ƙarshe ta ce ta jefar da yaron ƙasa cikin fushi, ta kuma nuna yadda ta yi, sannan ta shiga tambayar yaushe za ta koma gida wurin iyayenta da ɗan kwikwiyonta. A 2011 aka same ta da laifin kisa, daga baya aka yanke mata shekara 31.

Daga baya Dokta Choi ya rantse a rubuce cewa akwai tsohon rauni a kan yaron da bai lura da shi ba. A 2015 aka gano wasu hotunan ƙashi masu haske a kwamfutar ofishin binciken gawa, waɗanda masanan ɓangarenta suka ce ba tsagewa a cikinsu, lauyoyinta kuma suka ce kwafin da aka ba su kafin shari'a duhu ne, ba a ganin komai. Shugaban ofishin na lokacin, Dokta Thomas Rudd, ya sauya rubutun takardar mutuwar daga kisa zuwa abin da ba a tantance ba. Masu gabatar da ƙara suka tsaya a kan cewa sabon rauni ne ya kashe yaron, kuma ga ta nan a bidiyo ta faɗa da bakinta. A 2016 alƙali ya ƙi sake shari'ar, kotun ɗaukaka ƙara ta mara masa baya.

A 2021 Illinois ta zama jihar farko a Amurka da ta hana 'yan sanda yi wa wanda ake zargi ƙarya a ɗakin tambaya, Oregon ta biyo baya a shekarar. Dokar ta tsaya ne kan waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Iyaye da masu raino kusan duk sun wuce nan, Calusinski kuma shekararta 22 ranar da aka shigar da ita ɗakin.